Addu'ata ta yi sanyi tun da na baro gida

Wasiƙar wannan makon daga Birnin Kebbi ta fito. Na ɗan taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane mai ita.

"Mama, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni saurayi ne ɗan shekara 27 daga wani ƙauye a ƙasar Zuru. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Birnin Kebbi, wani mako aikin rana, wani mako aikin dare. A gida ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin addu'ar safe. Tun da na zo nan komai ya yi sanyi. Littafi Mai Tsarki yana cikin wayata, amma da na buɗe wayar sai in tsinci kaina a Facebook. Nakan yi wata guda ban je sujada ba, wani lokaci saboda aiki, wani lokaci kuwa ba aikin ba ne. A watan Janairu na shiga azumin kwana 21 da wata ikkilisiya ta sa, a rana ta shida jiri ya kwashe ni a wurin aiki, na karya, tun daga nan kunya ta hana ni durƙusawa. Abokan aikina Musulmi ne, ko ana tsakiyar lodi lokacin salla ya yi sai su tashi, ni kuwa ina zaune ina kallo. Da na ce zan tsara wa kaina lokutan addu'a, wani ɗan'uwa ya ce wannan komawa ƙarƙashin shari'a ne, mu a ƙarƙashin alheri muke, Ruhu zai motsa ni in lokaci ya yi. Na jira, shiru. Mama, bangaskiyata ce ta mutu? In na tilasta wa kaina addu'a alhali ba na jin komai a raina, ba munafunci ba ne?"

Ɗana, na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya yi maka albarka. Tambayarka ta farko ba za ta ci mana lokaci ba. Wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya ƙona datarsa ya rubuto wa tsohuwa irina yana kuka a kan addu'a. Tana nan da ranta, yunwa ce ta kwantar da ita.

Akwai abin da na gani a wasiƙarka wanda kai ba ka gani ba. Ka ce a gida ba ka fashin addu'ar safe. To wa yake tashe ka? Ban san ƙauyenku ba, amma na san irinsa, don a irinsa na girma. Akwai wani bawan Allah da yake fita tun da sauran duhu ya buga ƙarfen nan da aka rataye a bishiyar ƙofar majami'a, galibi tsohon ƙarfen ƙafar mota ne, ƙararsa har tsallaken rafi. Akwai mahaifiyarka da za ta ɗaga labule ta kira sunanka sau biyu, na ukun kuwa ka san ba da baki kaɗai zai zo ba. Akwai ranakun koyon waƙa, in ka yi fashi shugaban mawaƙa ya biyo ka har gida. Akwai dattijon da zai tare ka a hanyar gona ya ce, "Yaro, jiya ban gan ka a sujada ba, lafiya dai?" Wutar nan da kake tunawa, wadda kake zaton da kanta take ci, mutum goma ne suke iza mata itace, kai ɗumin kawai kake sha. Ranar da ka hau mota ka baro Zuru, masu izawar ba su biyo ka ba. Wato tun kana goye a cikin tsari kake, sai dai wasu ne suka tsara maka. Yanzu ƙarfen ya dawo hannunka. In ba ka buga ba, babu mai bugawa a unguwar da kake haya.

Sai maganar ɗan'uwan nan. Ba zan zage shi ba, don rabin abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma rabin nan shi ne ginshiƙin bangaskiyarmu. Kai mutumin Zuru ne, ka san golmo. Saurayi ya shafe shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, kamar dai yadda Yakubu ya yi wa Laban barantaka shekara bakwai saboda Rahila a Farawa sura 29. Abin da ɗan'uwanka yake tsoro shi ne ka mai da addu'a golmo, ka ɗauka sai ka cika kwanakinka a gonar Allah kafin ya karɓe ka. In haka ka nufa, to yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Afisawa 2:8-9 ta yanke wannan magana: ceto kyauta ce ta wurin alheri, ba ladan aiki ba ne, don kada wani ya yi fahariya. Amma ka tuna, a gonar da mai golmo yake zufa akwai wani saurayin da shi ma yake riƙe da fartanya tun safe, wato ɗan mai gonar. Kunyar da suke ja iri ɗaya ce. Ɗaya yana noma don a ba shi, ɗayan yana noma don gonar gidansu ce, daga rumbun nan yake ci. Ba wanda zai ce wa ɗan gida ya ajiye fartanya tunda shi ba golmo yake yi ba. Kai ɗan gida ne tun ranar da ka ba da gaskiya. Abin da ya rage shi ne ko za ka ci daga gonar, ko za ka bar ta ta zama saura.

Inda ɗan'uwanka ya kauce shi ne batun jira. Wata rana in ka sami hutu, ka leƙa fadamar da ke bayan gari lokacin noman rani, ko ka hau mota zuwa Argungu ka ga masu shinkafa. Ruwan da ke Gulbin Kebbi da wanda ke ƙarƙashin ƙasar fadama ba manomi ne ya halicce shi ba, bai kuma saye shi ba. Amma ka taɓa ganin manomin da ya yi dashe ya zauna a inuwa yana cewa tunda ruwa kyautar Allah ne, in ya ga dama zai tako ya shigo fangalinsa? Yakan sayi fetur, ya tada inji, ya gyara hanyar ruwa, ya bi fangali ɗaya ɗaya yana buɗewa yana toshewa, kuma ranar banruwa ba ta jiran ranar da yake cikin nishaɗi. Duk da haka bai isa ya sa ƙwayar shinkafa ɗaya ta yi ido ba. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa haka a wasiƙarsa ta fari, 3:6, cewa shi ya shuka, Afolos ya yi banruwa, amma Allah ne ya sa ya girma. A Filibiyawa 2:12-13 kuwa ya haɗa biyun a numfashi ɗaya: ku yi ta aikata cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku. Mu ne muke son raba su, shi bai ga saɓani ba.

Akwai wata kalma da ta ba mu wahala a ikkilisiyoyinmu na Hausa, ita ce horo. Da an ce horo sai mu tuna wanda aka kama da laifi, aka sanar a gaban jama'a, aka mai da shi bencin baya, aka hana shi Jibin Ubangiji wata shida. Shi ya sa in fasto ya karanta 1 Timoti 4:7, inda Bulus ya ce wa Timoti ya hori kansa ga bin Allah, sai mu ji kamar bulala ake nufi. Kalmar Helenancin da Bulus ya yi amfani da ita a wurin ta filin motsa jiki ce, ta masu gudu da masu kokawa. Wannan kuwa ba sai an fassara wa ɗan Zuru ba. Ƙasarku ta kokawa ce, ƙasar sojoji ce, da wuya a sami zuriyar da ba ta ba da soja ba, har manyan janarori ta fitar. Ka tambayi duk wani kawunka da ya yi aikin soja ko sajan yana tambayar kurtu yadda ransa yake ji kafin faretin asuba. Ana maimaita abu ɗaya kullum har jiki ya haddace, don ranar da harsashi ya tashi ba a samun zarafin tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanenmu na wajen Danko-Wasagu da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu, na zauna da matansu da yawa, kuma waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu a wannan masifa su ne masu ayoyi a ka tun kafin ta zo. Da daddare a daji ba fitila ba littafi, abin da ka haddace shi ne naka.

In kuwa tsara lokaci bin shari'a ne, to Ubangiji kansa ya faɗa ciki. Markus 1:35 ya ce ya tashi da asuba tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a, kuma daren jiyansa garin duka ne ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya, wato a gajiye yake. Luka 4:16 ya ce ya shiga majami'a ranar Asabar kamar yadda ya saba. Ka riƙe kalmar nan, saba. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, har maƙiyansa suka san lokacin da za su same shi. Bayan Ruhu Mai Tsarki ya sauko ranar Fentikos, a sura ta gaba ta Ayyukan Manzanni sai ga Bitrus da Yahaya suna hawa Haikali a lokacin addu'a, ƙarfe uku na yamma. Ruhun ya cika su, bai kuma ƙwace musu agogo ba. Akwai wani ɗan littafi na masu bi na farko da ake kira Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana, su yi azumi Laraba da Juma'a.

Labarin John Wesley ya fi kama da rigimarka da ɗan'uwanka. Tun daga 1729 shi da ƙanensa Charles da 'yan abokai a jami'ar Oxford ta Ingila suka tsara wa kansu lokutan addu'a da karatu da azumi da ziyarar fursunoni, har ɗalibai suka yi musu ba'a da sunan masu bin tsari, daga nan sunan ikkilisiyar Metodis ya samo asali. Shekara tara yana wannan fama ba shi da tabbacin ceto, har ya je Amurka wa'azi ya dawo da karyayyar zuciya. Golmo yake yi, bai sani ba. Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a Landan, ana karanta bayanin Martin Luther, Bajamushen nan da ya jagoranci gyaran ikkilisiya, a kan wasiƙar Romawa, ya gane cewa ga Almasihu kaɗai zai dogara. Abin da ya sa na kawo shi shi ne abin da ya biyo baya. Bai ce to yanzu an huta ba. Ya ci gaba da tashi ƙarfe huɗu na asuba har tsufansa, ya kuma karkasa mabiyansa ƙungiya ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu, suna haɗuwa kowane mako suna tambayar juna lafiyar ransu. Aikin bai canja ba, dalilin yinsa ne ya canja.

Game da abokan aikinka Musulmi, kada ka ji haushinsu, kunyar ma ka ajiye ta. Fahimtarmu da tasu a kan addu'a da ceto ba ɗaya ba ce, su sun sani mu mun sani, ba kuma gasa kuke yi ba. Amma mutum ya ajiye buhu don lokacin Allah ya yi, wannan abin a yaba ne, kuma ba laifi ka koyi abu mai kyau wurin maƙwabci. Na yi shekaru ina koyarwa a Yauri, ɗakina yana kusa da masallaci, ladanin unguwar ne agogona. Da ya yi kiran asuba, su su nufi masallaci, ni in kunna fitila in buɗe Zabura. Bai taɓa sanin yana yi mini hidima ba. Kai ma ga shi an ba ka a ɓagas: duk lokacin da suka tashi salla aikin lodi yakan lafa, minti biyar ɗin nan naka ne. Ka koma gefe ka yi Addu'ar Ubangiji a zuciyarka, a hankali, kana jin abin da kowace jimla take cewa. Ba sai ka ɗaga murya ko ka yi wata alama ba. Matiyu 6:6 ta ce ka shiga lolokinka ka rufe ƙofa, kuma a wurin aiki irin naka, bayan tarin buhuna ma loloki ne.

Yanzu tambayar munafunci, wadda na ga ita ta fi ci maka rai. Zan ba ka labarin kaina. Shekarar da maigidana ya rasu, na yi wajen wata takwas ba na jin komai. Matan Zumunta suna zuwa da kwanukan abinci suna rera waƙa a tsakar gida, ina bin su da baki, zuciyata kuwa kamar busasshen dutse. In na durƙusa sai in ji kamar da rufin kwano nake magana. Abin da ya hana ni sakewa ba ƙarfin bangaskiya ba ne, kada in yi maka ƙarya, sabo ne kawai. Shekara ashirin da wani abu hannuna ya saba ɗaukar littafin da asuba, sai ya ci gaba da ɗauka ba tare da ya nemi izinina ba. A cikin wannan halin na tarar da Zabura 88. Sau nawa na karanta ta a baya ban gan ta ba. Yawancin zaburun kuka sukan juya su ƙare da yabo, ita kuwa wannan daga farko har ƙarshe kuka ce, maganarta ta ƙarshe ma duhu ce. Amma mai ita ya ce dare da rana yake kira, da safe ma addu'arsa tana zuwa gaban Allah. Mutum ne da ba ya jin amsa, bai kuma daina zuwa ba, kuma Allah ya ga dama a ajiye kukansa cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Ba zan iya nuna maka ranar da abin ya sake ni ba. Na dai farga wata rana ina shanyar wanki ina waƙa, kuma da gaske nake.

Munafukan da Yesu ya tsauta wa a Matiyu sura 6 masu yi don a gani ne, masu addu'a a kan mararraba, masu yamutse fuska don a san suna azumi. Kai da za ka durƙusa a ɗakin hayarka ba mai ganinka, wa kake yi wa munafunci? Uwar da ta tashi tana zazzaɓi ta tuƙa wa 'ya'yanta tuwo alhali ko ƙamshinsa ba ta son ji, ba wanda zai kira ta munafuka. In ba ka jin komai, ka fara da faɗa wa Allah haka, da Hausarka ko da C'lela, yaren ƙasarku, yadda dai ya zo maka: Uba, ga ni, a bushe nake. Wannan ma addu'a ce, ta gaskiya kuwa.

Azumin nan da ka karya, ni ban ga zunubi a ciki ba, rashin dabara na gani. Mutumin da ya yi shekara biyu bai yi addu'ar minti goma a jere ba ya tashi ya ɗauki kwana 21, yana kuma dakon buhuna, ai ɗan tsako ne ya ce zai haɗiyi ɓera. Zan faɗi ra'ayina ko da wasu fastoci ba za su ji daɗi ba. Mun cika son abu mai ƙara: azumin wata guda, kwanan majami'a, taron farkaswa da lasifika har tsakar dare. Ba na ƙin su, ni ma na amfana da taron ƙara ƙarfi ba sau ɗaya ba. Amma yawanci wutar kara ce, ta tashi sama ta mutu, ranar Litinin an koma gidan jiya. Ga mai aikin ƙarfi a Birnin Kebbi, inda zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ƙin shan ruwa yini guda yana iya kai mutum gadon asibiti. Ka ajiye dogon azumi tukuna. In kana so, ranar hutunka ka bar cin abinci sau ɗaya, lokacin cin ka yi addu'a, kuɗin abincin ka ba wanda ya fi ka bukata, don Ishaya 58 ya ce azumin da Allah yake so ya haɗa da raba abincinka da mayunwaci. In kana da gyambon ciki, wannan ma ka bari. Azumin da ya fi dacewa da kai yanzu ma na waya ne.

Mu zo kan wayar. Ka sayi Littafi Mai Tsarki na takarda. Na san na waya kyauta ne, amma a cikin wayar ayar tana zaune ne a tsakiyar kasuwa, kowane mai talla yana jan rigarka. A 1932 aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru da su Likita Walter Miller na Wusasa suka sha, kuma kakanninmu da yawa saboda shi suka koyi karatu da girmansu, suna bin baƙi da yatsa a hasken aci-balbal. Kuɗin datarka na wata ɗaya ko biyu zai saya maka shi. Ka ajiye shi a kan matashinka, wayar kuwa ka sa ta caji nesa da katifa.

Kada ka ɗaure lokacinka da agogo, tunda agogonka yana juyawa kowane mako. Ka ɗaure shi da abin da kake yi kullum ba fashi. Makon aikin rana, da ka farka, kafin wanka, kafin waya. Makon aikin dare, in ka dawo da hantsi ido yana rufewa, kada ka yaudari kanka, kwanta ka yi barci; in ka tashi da la'asar, wannan ce asubarka, Allah ba ya duba inda rana take. Minti goma sha biyar ya isa, kada ka ƙara ko da ka ji daɗi a makon farko, don ranar gajiya ake yi wa awo. Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari ne mai gudu. Rabin sura a rana, wata guda ka gama. Ka karanta da murya, ko da ƙasa ƙasa ce, don ido shi kaɗai yakan zame. Ka ɗauki jimla ɗaya da ta tsaya maka, ka rubuta a 'yar takarda ka sa a aljihu. Sannan ka yi addu'a a kan abin da ka karanta, ka ambaci mutum uku da sunansu, ka tashi. Kai kuma mawaƙi ne, kada ka bar muryar nan ta yi tsatsa, baiti ɗaya na waƙar da kuka saba a gida yakan buɗe abin da karatu bai buɗe ba.

Za ka yi fashi, wannan ba ko shakka. Ranar da ka yi, kada ka ce sai ka rama, kada ka ce sai Litinin ko sai sabon wata. Wanda bai ci abincin rana ba ba ya ƙin na dare don kunya. Kunyar nan da ta hana ka durƙusawa tun Janairu ta yi maka ɓarnar da ta fi ta karya azumin nesa ba kusa ba, kuma ba daga Allah take ba, tun a gonar Aidan aikinta ke nan, ta sa mutum ya ɓuya a bayan itatuwa.

Kada kuma ka yi wannan kai kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Birnin Kebbi akwai ikkilisiyoyi masu sujada da Hausa, da ECWA da UMCA da Baftis da Katolika da Angilikan duk suna nan, kuma mutanen ƙasarku sun cika su. Ka zaɓi ɗaya ka zauna, ka bar yawon ɗanɗane. Ka je wurin fasto ka faɗa masa sunanka da ƙauyenku da yadda aikinka yake, don ya san in bai gan ka Lahadi ba, aiki ne ko kuwa wancan dalilin da ka ce ba aiki ba. Lahadin da kake bakin aiki, ka nemi addu'ar tsakiyar mako. Ka tambayi ranar Jibin Ubangiji tun da wuri ka nemi musanya da abokin aiki, kamar yadda kai ma za ka tsaya masa ranar Juma'a ko ranar Salla. Sannan ka sami mutum ɗaya, namiji, wanda ya girme ka a bangaskiya, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka kowane mako inda ka kai a Markus. Dattijon hanyar gonar nan ne kake naɗa wa kanka da hannunka.

In ka yi wata uku kana son ka san ko akwai ci gaba, kada ka tambayi zuciyarka ko tana jin daɗi, don ita yau fari gobe tsumma. A Markus 4:26-29 manomi ya warwatsa iri, yana kwana yana tashi, irin ya tsiro ya girma, shi bai san ta yaya ba. Wanda yake tone irinsa kullum don ya ga ko ya yi saiwa, kashe shi yake yi. Ka duba waje. In direba ya ce ka ƙara masa buhu ɗaya a lissafi ku raba, me bakinka ya ce? In shugaban aiki ya ci maka mutunci a gaban mutane, kwana nawa ka yi da abin a ciki? Kuɗin da kake tura wa gida yana tafiya a kan lokaci? Galatiyawa 5:22-23 ta jera 'ya'yan Ruhu guda tara, kuma yawancinsu, irin su haƙuri da kirki da aminci da kamunkai, abokin aikinka zai riga ka ganinsu.

Abu ɗaya kuma, don ban ga fuskarka ba. In sanyin nan bai tsaya ga addu'a ba, in abinci ma ya fita ranka, barci ya ƙi, ba ka son ganin mutane, ko tunanin mutuwa yana zuwa maka, to ka je asibiti ka faɗa wa likita, ka kuma faɗa wa fasto, ba ɗaya daga ciki ba. Aikin dare yana cin jiki yana cin rai. Sa'ad da annabi Iliya ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ikan bai fara da wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci, ya sake ba shi abinci.

Ka rubuto mini in ka gama Markus, ka gaya mini wurin da ya tsaya maka a wuya. In kuma ka kira mahaifiyarka a wannan makon, ka gaishe ta, ka tambaye ta wa yake buga ƙarfen yanzu, ko har yau tsohon nan ne.